Ƙusar Garmar Tarakta

Jiya tarakta ta wuce ƙofar gidanmu, ƙusar da ke riƙe garmarta an ɗaure ta da waya kawai. Sai na tuna marigayi surukina.

Shi sai ya durƙusa ya girgiza ƙusar nan, hannu duk baƙin mai, kafin a tayar da inji. Wata damina a Durun na kai fura gona, na tarar ya tare gaban tarakta, maigidana yana bayanta.

"Direba, kashe ta! Ina makullin ƙusar? In ta zame, ɗana garmar za ta danne."

Direban ya ce, "Baba, wasu na jira, layinka zai wuce fa."

"To, ya wuce!"

Gobe za a yi mana huɗa, maigidana ne zai bi bayan garmar, ni kuwa ba ni da bakin tsayar da direba. Allah ka haskaka kabarinsa, ka dawo min da maigidana lafiya.