Albarushin Abatcha

Abatcha bai taɓa harbin mai rai ba. Sana'arsa korar tsuntsayen jan-baki daga gonakin shinkafa a bakin kogin Komadugu da bindigar toka. In zai sayi albarushi sai ya murza shi a tafin hannu, don mai laima hayaƙi kawai yake yi. Busasshe yake zaɓa, mai ƙara.

Da rikici ya zo, harbi ɗaya kan jawo soja ko ƴan daji. Mai gari ya ce masa, "Baba, ajiye ta, kada ka jawo mana."

Ya ajiye. Bana da shinkafarsa ta nuna, tsuntsaye suka sauko. Ya yi ta kaɗa gwangwani har hannunsa ya sage, ko gezau ba su yi ba. Abin da ya girbe bai cika buhu ba.