Wankan da Inno Ta Yi Ta Bayan Taga

A unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, in aka hango Inno tafe da ƙullin ganyen magarya a hammata, mata kan leƙo ta katanga su tambayi juna gidan wa aka yi rashi. Mai wankan gawa ce. Shekara arba'in ke nan tana wannan aiki, tun tana amarya da aka kawo ta daga Argungu, kuma wurin kakarta ta koya. Abin mamaki, Inno ba ta iya riƙe magana ba. In miyarki ta yi gishiri da rana, kafin la'asar unguwa ta ji. Amma abin da ta gani a jikin mamaciya, babu mahalukin da ya taɓa jin sa a bakinta.

Tana da yadda take aikinta. Ba ta yarda da ruwan sanyi, sai ta sirka ta gwada da gwiwar hannu kamar na wankan jariri. Kuma ba ta juya mamaciya sai ta gaya mata. In ta gama, ta wanke hannuwanta har gwiwa sau uku, ta zauna bakin ƙofa shiru kafin ta kama hanyar gida.

Aminiyarta guda ce a duniya, Aishatu mai bandar kifi, wadda kowa ke kira Shatu. Tare suka tashi a bakin gulbi a Argungu. Duk mako Shatu kan kawo kifi kasuwar Birnin Kebbi, ta biya ta Badariya su ci tuwo su yi faɗa. A cikin irin wannan faɗan ne wata rana Shatu ta daina dariya, ta riƙe hannun Inno.

"In na riga ki, ke za ki yi min wanka. Kada ki bari wata tag gane ni. Kin jiya?"

"Na jiya. Ke dai ki yi haƙuri in riga ki, in huta da bakinki."

Akwai wani abu a jikin Shatu da ba ta son a gani. Mene ne shi? Sai dai a tambayi Inno, ita kuwa ba za ta faɗa ba.

Sai ga shekarar korona. Aka rufe makarantu, aka taƙaita tafiye-tafiye, aka kafa kwamiti, rediyo na ta maimaita lambobin da za a kira in wani ya kama tari da zazzaɓi. Aka keɓe wani gini a gefen gari don killace masu cutar. Jama'a kuwa ba mutuwar suka fi tsoro ba. Raɗe-raɗi ne ya bazu cewa duk wanda ya cika a can, leda ake saka shi a binne ba wanka. Nan da nan mutane suka shiga ɓoye marasa lafiya a ƙuryar ɗaki. Layin ganin likita ya koma ƙofar kemis, mai ciki ta fasa zuwa awo, mai hawan jini ya ce ya warke. Ma'aikatan lafiya na bin unguwanni da lasifika suna roƙo, ana sauraron su ta bayan labule.

Ana cikin azumi, zafi kamar a bakin murhu, numfashin Shatu ya gagara. 'Ya'yanta suka rasa yadda za su yi, aka ɗauko ta daga Argungu zuwa wancan ginin. A rana ta shida da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Da labari ya iske ta, Inno ba ta tsaya kuka ba. Ta ɗauki magaryarta da kafur da likkafani, ta tari keke napep, ta sauka a bakin get. Mai gadi ya hana ta, ta ko zauna a ƙasa cikin rana da azumi a bakinta, har sai da aka kira likitan wurin, wani matashi mai suna Munzali, wanda takunkumi ya yi wa sawu a karan hanci.

"Inna, ba a hana wanka ba," in ji shi. "Ana yi, amma cikin kayan kariya. Maza muna da waɗanda aka koya wa. Mata ne ba mu da ko ɗaya, shi ya sa muke yi musu taimama."

"To ga ni na taho. Ku ba ni kayan."

"Shekarunki nawa?"

"Mi ya haɗa ka da shekaruna?"

"Ƙa'idarmu ce, wanda ya haura sittin ba ya shiga. Ga shi ina jin ƙirjinki na kuka tun daga nan. In kin shiga, gawa biyu za mu fitar."

"Ɗana, alkawali na ɗauka. Ni ba ni tsoron abin da ad da ita."

Likita ya sunkuyar da kai, amma bai janye ba. Ya ce nan da azahar dole a kai Shatu makwancinta. Inno ta dubi rana, ta ga saura kaɗan.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta matso, siririya, ba a ganin komai nata sai ido. Sunanta Nuriyya, 'yar garin Gwadangaji, ita ta yi jinyar Shatu tun ranar da aka kawo ta.

"Inna, ni ban taɓa yi ba. Amma ɗakin da take yana da tagar gilashi ta baya. In kina gani na, ki gaya min, in yi."

Inno ta ƙare mata kallo. "Akwai abin da za ki gani ga jikinta."

"Na gani tun kwana shida."

"Wa kinka gaya wa?"

"Ba kowa."

Inno ta miƙa mata ƙullin magaryar.

Tagar tana kallon fili, kuma duk mai wucewa zai iya leƙawa. Don haka Inno ta warware mayafinta, ta sa aka maƙale bakinsa a saman tagar, ta shige ƙarƙashi ta lulluɓe kanta da gilashin gaba ɗaya. Daga waje ba ka ganin komai sai bayan wata tsohuwa a tsaye cikin rana. An buɗe gilashi ɗaya can sama don murya ta shiga.

"Kin sirka ruwan?"

"Inna, da safar hannu ba na jin ɗumi."

"Ɗebo ga moɗa, aza ta jikin gilashi."

Nuriyya ta manna moɗar, Inno ta kafa gwiwar hannunta ta waje, ta ɗan jira. "Ƙara na sanyi kaɗan. Ba ta son zahi."

Daga nan aka fara. Inno ta ɗaga hannun dama a iska, Nuriyya ta ɗaga nata. Inno ta shafa, Nuriyya ta shafa. Aka yi alwala, aka wanke dama, kuma da za a koma hagu sai Inno ta tsayar da ita.

"Gaya mata tukuna."

Nuriyya ta matsa kusa da kunnen mamaciyar. Sannan ta sunkuya ta ce, "Inna Shatu, zan juya ki."

"Ce mata ni ta. Ce mata Inno ta."

Yarinyar ta faɗa ta cikin takunkumi. Zufa ta cika mata tabarau har ba ta gani sosai, amma ba ta tsaya ba. Wanda ya ga wannan abu dole jikinsa ya yi sanyi: hannu huɗu na aiki ɗaya, biyu cikin ruwa, biyu cikin iska, ba wanda ya riga wani. Aka yi wanki uku, na ƙarshe da kafur. Aka raba gashi gida uku aka kitse. Aka naɗe Shatu tsaf, kafin ladan ya kira azahar.

Inno ba ta ba kowa labari ba, amma masu shara sun ga bayan tsohuwar, sun kuma ji ƙamshin kafur. Kafin sallah magana ta kai Badariya, ta kai Argungu, cewa ana yi wa mata wanka a wancan ginin. Ba kowa ya yarda ba, sai dai wasu gidajen sun fito da marasa lafiyarsu, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka koma gida da ƙafafunsu. Nuriyya ta yi wa mata bakwai wanka kafin cutar ta lafa, tana gaya wa kowacce kafin ta juya ta.

Amma a ranar wankan Shatu, da Inno ta fito daga ƙarƙashin mayafi, rigarta sharkaf, leɓunanta sun bushe, likita ya kawo mata kujera. Ta wuce shi zuwa bokitin wanke hannu da ke bakin get. Mai gadi ya ce, "Inna, ai ba ki taɓa komai ba." Ba ta ko dube shi ba. Ta naɗe hannun riga, ta wanke hannuwanta har gwiwa, sau uku. Sannan ta zauna bakin ƙofa, ta fara kuka.