Ɗaliban Yaya na ranar Asabar

Shekaranjiya a asibiti wata likitar halayyar ɗan Adam ta dube ni ido cikin ido, ta ce, "Baba, tun da ciwon sukari ya kama ka, yaya kwanciyar aure?" Sai ga ni ina faɗin abin da na daɗe ina ɓoye wa matata. Nan na tuna Yaya.

Irin karatun nan take koyarwa. Ran Asabar takan tara ɗalibanta a falon gidanta da ke unguwar Daɗin Kowa, shayi mai citta na tururi, ta sa su ambaci sassan jikin mace da namiji da Hausa, ba dariya. Wata rana na biyo daga kasuwar Katako na ji su. Na ce, "Haba Yaya, da girmanki? Maƙwabta fa na ji!"

Ta ce, "Kai, zauna ka sha shayi. Mara lafiyar da zai zo gabansu kunya ta riga ta shaƙe shi. In su ma suka sunkuyar da kai, wa zai buɗe masa baki?"

Ban zauna ba. Na hana 'ya'yana zuwa gidanta, har ta rasu ban ba ta haƙuri ba.

Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya sa kin yafe mini.