Yadda Kurar Roba Ta Kai Mu Asibiti

Assalamu alaikum ’yan uwa. Masu tambaya ko wayata ce ta lalace, lafiyarta lau. Jinya muka yi, sai yanzu na samu sukunin rubutu. Ku yi haƙuri da ni, da girmana na koyi boko, a hankali nake tafiya.

Rakiya ce ta kwanta, autata da ke aji ɗaya.

Malamarsu ta ce za su yi wasan ’yan tsana, irin waɗanda ake zura hannu a ciki ana motsa bakinsu. Aka ba Rakiya kura. Na samo tsohuwar rigar sanyi ta gwanjo a kasuwar Minjibir, na farke gashin nan na roba da ke wuyanta, na ɗinka shi a kan safa. Kura ta yi kyau, sai dai fara ce fat. Rakiya ta ce ita ba ta taɓa jin labarin farar kura ba.

Sai na sayo galura ruwan ɗorawa, na dafa, na tsoma ta kamar yadda nake yi wa zane. Ta fito rawaya shar. Na ɗora ta a kan rumbu ta bushe, na ja wa Rakiya kunne kada ta taɓa.

Washegari ta dawo daga makaranta jikinta da ɗumi, ta ce kanta na ciwo. Na ce ta kwanta, na tafi surfe. Da na dawo bayan la’asar na yaye mata zane. Fuskarta rawaya, wuyanta rawaya, tafin hannunta rawaya, jiki kamar garwashi.

Shawara. Ita ta ɗauke ƙanwata muna yara, na san kalarta.

Na kira babanta, yana Kano wajen sayar da hatsi, bai ɗauka ba. Sai na zauna na haɗa harafi ɗaya-ɗaya na tura masa: “Malam ka dawo Rakiya tana da shawara.”

Ba a jima ba amsa ta zo: “To ta ajiye ta sai na dawo ranar Juma’a. Uwarta ma kullum tana da ita.”

Sau uku na karanta kafin na gane. Shi a zatonsa yarinyar wata magana take so ta ba shi.

Iya, uwar mijina, ta leƙo ta ce a jiƙa mata saiwar rawaya ta sha. Na ce Iya ki duba yarinyar nan, rawayar da ke jikinta ba ta isa ba? Na goya ta duk da ƙafafunta na dukan gwiwata, na tare mai babur.

A asibiti ban san yadda na yanki kati ba. Na dai san na faɗa wa duk wanda ke kan benci cewa ’yata za ta mutu, har wata tsohuwa ta ba ni layinta.

Likitan ya buɗe idon Rakiya ya daɗe yana kallo. Ya ce shawara daga ido take farawa, wannan ido kuwa fari ne. Ya jiƙa auduga ya goga mata a kumatu. Audugar ta koma rawaya, kumatun ya koma na ’yata.

Ya nuna mini audugar ya ce, “Hajiya, wannan shawarar da sabulu ake maganinta. Rini kuke yi a gida?”

A nan Rakiya ta fashe da kuka ta tona kanta. Ashe da na fita ta hau turmi ta sauko da kurar, ta rungume ta a cikin zane. Zufar zazzaɓi ta yi sauran aikin. Da ta ji tafiyata ta cusa ta ƙarƙashin katifa.

Na ji kunya har na fara ɗaure goyo mu tafi. Likita ya ce in zauna, launin na ƙarya ne amma zafin jikin na gaske ne. Aka ɗebi jini. Zazzaɓin cizon sauro ne mai ƙarfi, jininta kuma ya yi ƙasa. Ya ce da na jira Juma’a da magana ta canza.

Aka ba mu gado. Ƙarin ruwa, allura safe da yamma, amai, sai nas ta zo da abin awon zafi ni kuma ina bin bakinta da kallo. Ban yi dariyar audugar nan ba sai ranar da Rakiya ta ce tana son ƙosai.

Babanta ya iso a ranar da muka kwanta, bayan ƙaninsa ya kira shi da baki. Ya shigo ba hula, takalmi wari daban-daban. Buhun gyaɗarmu ya tafi a magani. Saƙon kuwa ya roƙe ni in goge, na ce ban iya gogewa ba tukuna.

Alhamdu lillahi, Rakiya ta miƙe. Na gode wa likita da nas-nas ɗin da suka jure tambayoyina, da tsohuwar da ban ko san sunanta ba, da Iya da ta riƙa aiko mana kunu, babu saiwa a ciki.

Iyaye mata, in yaro ya canza launi ku duba idonsa, ku goga masa jiƙaƙƙen tsumma, amma ko launin ya fita in da zazzaɓi ku tafi asibiti a ranar. Gashin roba kuma ba ya shan galura, a bayansa take zama tana jiran wanda zai taɓa. Malamarsu ta ce fenti ake shafa masa kaɗan-kaɗan da buroshi, ya bushe, a taje.

Ni dai ban sake gwadawa ba. Na wanke kurar ta koma fara, haka Rakiya ta tafi da ita wasan. Ina daga baya a tsaye na ji wani yaro ya ce wannan ai tunkiya ce. Rakiya ta ɗaga hannu, ta buɗe bakin kurar a fuskarsa ta ce, “Kura ce. Daga asibiti take, jininta ne bai gama dawowa ba.”