Ranar da Kawu A-Sake Ya Shiga Ruwa

Ƙanin mahaifiyata mai fenti ne, kuma duk unguwa ba a san shi da wani suna ba sai A-Sake. Mu ma Kawu A-Sake muke ce masa, yana amsawa da fara'arsa.

Kakarmu ce ta jawo masa sunan. Ita ba ta taɓa zama a aji ba, amma kullum in zai tafi makaranta, tana gyara masa wuyan riga tana cewa, "In ba ka gane ba, kar ka tsaya gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ka ce a sake. Ba wanda bakinsa zai yage don ya faɗi magana sau biyu." Sauran 'ya'yanta sun ji sun watsar, shi kuwa ya riƙe da hannu biyu. Malamin lissafinsu har ya saba, in ya gama bayani sai ya juyo wajen Kawu ya ce, "To, ranka ya daɗe, mu wuce ko mu koma?"

Da ya shiga koyon fenti, ya faɗa hannun wani maigida mai saurin hannu da saurin fushi. Ran da ake nuna masa haɗa fenti ruwan toka, ya yi ta cewa a sake, maigidan yana ƙara fari yana ɗiga baƙi yana tsaki, har suka tashi da bokiti cike fal, alhali ƙofa ɗaya za a shafa. Da ragowar aka shafe shagon ciki da waje. Amma daga ranar Kawu bai ƙara kuskure wannan kala ba.

Matarsa ma tana da nata labarin. Wai ran da ta sunkuyar da kai ta ce masa ta amince ta aure shi, sai ya ce a sake. "Wannan kam ya ji sarai," in ji ta. "Daɗi ne ya yi masa yawa."

Bayan ya haura sittin, hawa tsani ya cinye masa gwiwa. Likita ya duba ya ce ba abin da zai taimake shi kamar iyo. Kawu kuwa iyakar saninsa da ruwa bokitin wanka. Muka yi ta dariya, babban ɗansa ya ce, "Baba, ka rufa mana asiri, ka sha maganinka kawai."

Washegari ya sayo gajeren wando, ya sa na raka shi wurin koyon iyo. Ajin duk yara ne, mafi tsayinsu bai kai masa ƙirji ba. Ya shiga layi da furfurarsa da tumbinsa, ya riƙe bakin kwamin iyon da hannu biyu. Mai koyarwa, wani saurayi mai usur a wuya, ya nuna yadda ake tura fuska cikin ruwa a fitar da numfashi, ya ce, "An gane?"

Yara suka haɗa baki, "Eee!"

Kawu ya ɗaga hannu. "Ɗana, a sake. Ta hanci iskar take fita ko ta baki?"

Aka sake. Ya gwada, ya kwankwaɗi ruwa, ya ɗago yana tari, idanu jajir. Ya ce a ƙara sakewa. Can sai wata 'yar ƙarama da ke gefensa ta ɗaga hannu a hankali, ta ce ita ma fa ba ta gane ba. Wasu biyu suka bi bayanta. Saurayin ya yi dariya, ya cire usur ɗinsa, ya shigo ruwan da kansa.

An ɗauki watanni. Ni dai ina wurin ran da Kawu ya saki bango, ya nufi ɗaya gefen yana dukan ruwa kamar mai faɗa da shi, yara suna tsalle suna ihun "Kaka! Kaka!" Ya isa, ya kama ƙarfen bakin kwamin, yana haki yana washe baki.

Na miƙa masa tawul, na ce mu tafi gida a ba da labari. Ko kallona bai yi ba. Ya ƙura wa ƙasan kwamin ido, yana kankarar bangon da farce.

"Kai, wane irin fenti ne wannan da ruwa ba ya ɗaye shi?"

Haka ya fito yana ɗigar ruwa, yana ɗingishi, ya tafi neman mai kula da wurin. Na ja kujera na zauna, don na san ba yanzu za mu tafi ba.