Sunana a Gefen Tsohon Kod

Shekarar da damina ta yaudare mu, sojoji kuma suka karɓi mulki a Yamai, ni ke kula da ordinatar, wato kwamfuta, ta rediyon garinmu a Matameye. Tsohuwa ce, lojisiyel ɗin, wato manhajar, da ke watsa shirye-shirye kuwa ya girme ta, ba ya tafiya a kan komai na zamani. Sai na yi masa dabara da wani lojisiyel na kowa da kowa, wanda ke gina ordinatar ta ƙarya a cikin ta gaske, tsohon ya zauna ciki yana zaton gidansa ne. Mutane daga ƙasashe barkatai ke rubuta shi kyauta. Ni ma nakan sa hannu idan intanet ta ga dama.

A cikin wannan lojisiyel na kowa akwai wani tarin kod, wato rubutaccen umarnin ordinatar, mai kula da sauti, wanda aka kwafo tun da daɗewa daga wani aikin daban. Masu asalin sun ci gaba da gyara nasu, kwafin namu ya tsaya inda aka ajiye shi. Wani Bature da ke jagorantar sashen ya kawo shawarar a goge kwafin, a jingina da na asali. Gaskiya ba shirme ya faɗa ba. Kwafin na da ɓaraka da aka toshe a na asalin tuntuni, kuma gyara abu ɗaya a wuri biyu wahalar banza ce. Na yarda da shi har cikin raina. Matsalata katin sautinmu ne, wani tsoho da sabon kod ɗin bai san da zamansa ba.

Baturen ya ce in gwada sabon. Na nemi izinin Hajiya, shugabar gidan rediyon, ta kalle ni ta saman tabarau ta ce in yi, amma in san ranar kasuwa ce. Muka juya zuwa sabon kod ɗin. Da farko lafiya lau. Da kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, gurup ɗinmu, wato janareto, ya karɓa, sauti ya tafi bai dawo ba.

Wanda bai zauna ƙarƙashin soja ba bai san ma'anar shirun rediyo ba. Kafin in mayar da tsohon kod, masu hatsi sun fara ɗaure buhuna, mata na jan yara zuwa gida, an ce an sake juyin mulki. Yayata, wadda mijinta ke ci-rani a Kano, ta zo ba takalmi, domin ta rediyon take jin saƙonsa da sanarwar inda ake sayar da gero da rahusa. Wani soja ya shigo daga wurin perfe, shugaban gundumarmu, yana tambayar wa ya ba mu umarnin rufewa. Hajiya ta ba shi ruwa ta sallame shi. Ni ko kallona ba ta yi ba, kuma hakan ya fi zagi ciwo.

Na rubuta wa Baturen duk abin da ya faru. Ya ba da haƙuri, sannan ya ce a iya saninsa mutum ɗaya ne a duniya ke amfani da wannan kati, ba za a bar ɓaraka a gidan kowa saboda shi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na amsa cewa mutum ɗayan nan ana jin sa daga Tsauni har Icirnawa, kuma ban yarda a goge ba. Wasu suka goya masa baya, wasu suka ce a bar ni da kayana. Aka yi ta ja, kowa ya kafe.

Daga ƙarshe ya kawo sharaɗi. Kwafin zai zauna, a kashe ga kowa sai wanda ya kunna shi da gangan, in har akwai wanda zai sa sunansa a matsayin mai shi: ya toshe ɓarakar, ya gwada kowane sabon canji a kan katin kansa. Ranar da aka neme shi aka rasa, a goge.

Katin kuwa ɗaya ne, yana cikin ordinatar Hajiya. Ni kuma na riga na ɗaure kayana, wani abokina ya samo mini aikin gyaran ordinatoci a Kano, ga rumbun gidanmu babu ko zangarniya. Hajiya ta ce:

"Kai dai tafi, ɗan nan. Rediyo ba za ta cika maka ciki ba."

Na ce mata na ji. Na je sibar, shagon intanet, na aika da sunana a matsayin mai kwafin.

Da safe na raka abokaina masu tafiya Kano tasha. Suna ta yi mini tsiya wai na auri tsohuwar ordinatar ba sadaki. Motar ta ɗaga da su, na dawo na kwance kayana, yunwa na cina, na zauna toshe ɓarakar.