Inda Na Bar Karen Babana

A shekara ta biyu da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, babana ya rasu a ƙauyenmu na wajen Shanono. Innarmu ta riga shi da daɗewa, ƙannena mata suna gidajen mazajensu, ni kuma ina aikin masinja a wani ofis, ina hayar ɗaki ɗaya a Rijiyar Zaki cikin Kano. Bayan sadakar arba'in sai ya zama babu mai zama a gidan. Na ari babur, na ɗaura tsohon amalanken babana a bayansa da igiya, na loda galma da fartanya da turmi da ƙyauren langalanga na ɗakinsa da sauran tarkace.

Saura kare. Ni ban taɓa son kare ba, ko yanzu ba zan yi ƙaryar ina so ba. Mutum ne ni mai son farar riga da guga, shi kuwa kare in ya shinshine ka sai ka sake wanki. Babana ya ajiye shi ne don gadin awaki, awakin suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, shi ya rage. Ja ne, ramamme, kunnensa ɗaya a yage. Ko suna bai sa masa ba, fito kawai yake yi masa. Kwana biyu kafin babana ya cika ya ce da ni, "Kada ka bar shi a kangon nan, yara za su kashe shi da jifa. Ka sama masa wuri." Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa mara lafiya.

Na zaga ƙauyenmu kaf, babu wanda ya karɓa, ban kuma ga laifin kowa ba. Shekarar da uwa ke gutsura wa 'ya'yanta tuwo da ƙyar, wa zai ƙara wa kansa baki? Mai gidan da nake haya kuwa limamin unguwa ne, ko maganar ba zan iya kai masa ba. Haka na taso da kare ban san inda zan kai shi ba. Ban ma ɗaure shi ba. Ina tayar da babur ya bi bayan amalanken, in ya gaji ya haye kan kayan ya kwanta.

Tafiyar ta ƙi sauri. Yashi ya yi ta riƙe tayoyin amalanken, igiya ta kwance sau uku, ga zafin bazara. Fitilar babur ɗin kuma ashe a mace take, mai shi bai ga dama ya faɗa mini ba. Rana na shirin faɗuwa ban ko kai kwalta ba, na san kwana ya kama ni a hanya.

A ƙasarmu babu dajin da mutum zai ɓuya. Ko'ina ka taka gonar wani ce, daga wannan shinge sai wancan, kuma kafin hayaƙin wani ƙauye ya ɓace maka ka hango na gaba. Na san in na shiga gari za a kai ni zauren mai unguwa ko masallaci, yadda ake yi wa kowane baƙo, ni kuwa ga abin da nake tafe da shi. Sai na ratse gefen wata gona, ƙarƙashin gawo, tsakanin tulin takin da aka jibge ana jiran ruwa. Na sa dutse na tokare tayar amalanken, na shimfiɗa tabarma, na yi taimama na yi magariba.

Ina sallamewa na ga wani dattijo tsaye, hannunsa a baya.

"Sannu da hanya, samari. Gonata ce ka sauka. Amma mu nan baƙo ba ya kwana a gona muna da zaure."

Na ce, "Baba, da kare nake."

Ya leƙa ƙarƙashin amalanken ya daɗe yana kallo. "A zauren muke salla," in ji shi.

"Na sani, Baba."

"To, ina zuwa."

Ya dawo da ɗan kwano rufe da faifai. Tuwon garin rogo ne, malmala ɗaya, da miyar kuka wadda ko daddawa ba ta gani ba. Ya ajiye ya juya, don ba a tsaya wa baƙo a ka yana cin abinci. Na ci loma uku. Karen ya fito ya zauna nesa kaɗan, bai yi kuka ba, bai matso ba, ido kawai ya zuba mini. Tun jiya bai ci komai ba, ya kuma wuni yana gudu. Na raba tuwon biyu na jefa masa rabi a ƙasa.

Yana cikin lashe ƙasar dattijon ya dawo da butar ruwa. Ya dubi karen, ya dubi kwanon, ya ajiye butar a hankali.

"Daga bakin jikokina aka rage shi," ya ce. Bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki kwanonsa ya tafi.

Na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta ranar ba. Ni ɗan ƙauye ne, na san abin da malmala ɗaya take nufi a shekara irin wannan, zaman birni ne ya sa na yi kamar ban sani ba. Abin haushin kuma, tun da na ga fuskar mutumin na ƙudurta a raina cewa da safe shi zan roƙa ya riƙe karen. Yanzu da wane baki?

Na kwanta ina jin ƙauyen daga nesa. Aka kira isha, wata mata ta yi ta kiran ɗanta, wani jaki ya yi kuka, sannan ƙofofi suka yi ta rufuwa ɗaya bayan ɗaya. Gidaje ne kewaye da ni ta kowace kusurwa, amma babu ko ɗaya da zan ƙwanƙwasa, namu kuma na sa masa kwaɗo da safe. Kaɗaici ya kama ni sosai. Na yi wa karen faɗa, na ce duk shi ya jawo mini. Daga baya, da na tabbata babu mai ji, na gwada yi masa fiton babana. Ko kunne bai motsa ba. Yana can ƙarƙashin amalanken, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa.

Da asuba dattijon ya zo, ba kwano a hannunsa. Na durƙusa na gaishe shi na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce. Sai ya tambaye ni, "Ina za ka da shi? Kai dai ba ka yi kama da mai kare ba."

Na faɗa masa komai, har da abin da babana ya ce. Ban roƙe shi ba. Ya tona ƙasa da yatsan ƙafa.

"Ba ni da abin ba shi, kada ka tafi da tunanin ina da shi. Amma akwai gafiya a shingen nan, in yana da zuciya ba zai mutu ba. Jifa kuwa, muddin ina raye babu yaron da zai jefe shi a gonata."

Na yi masa godiya. Na ce to bari in ɗaure shi a jikin gawon har in yi nisa.

"Kada ka ɗaure shi, zai tsinke. Kuma ba kai yake bi ba, samari. Tun jiya nake lura, ko sau ɗaya bai kwanta kusa da kai ba. Kayan nan yake bi. Ciro masa wani abu na marigayin."

Na tona cikin tarkacen na samo taguwar da babana ke zuwa gona da ita, wadda gumi ya rina ta koma kalar ƙasa. Na shimfiɗa ta a gindin gawon. Karen ya fito, ya shinshina, ya zaga ta sau biyu, ya kwanta a kai.

Ban tayar da babur ɗin a nan ba. Na tura shi da hannu, amalanken na ƙara a baya, har na wuce gonaki uku. Abin da na nema ke nan, na kuma samu, na sauke wa babana alkawarinsa. Amma har na hau kwalta ina waiwaye, ina fatan in hango jan kare a guje. Shi kaɗai ne mai rai da na fito da shi daga gidanmu, kuma bai biyo ni ba.